Wadannin Bisa Dutse

Ban taɓa mantawa da wata ranar Alhamis ta ƙarshen bazara ba, kuma ba na jin zan manta da ita har ƙasa ta rufe idona. A ranar ce na tsuguna a rumfar katako ta Oga Obinna a Sabon Gari, ni da na kwashe fiye da shekara talatin ina hawa itace ina sauka, aka koya mini karanta abin da ke cikinsa. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikin nan kafin a kawo shinkafa, wannan zan ba ku. Sababbin ma'aikata ku matso, domin ku abin ya fi shafa. Masu danna waya kuma ku ci gaba da abinku, ba zan yi faɗa ba, na riga na yi ritaya.

Lebura na shigo tashar nan ta Samaru, ina cika leda da ƙasa a wurin renon dashe. Daga nan na zama mai hawa ɗebo iri, na zama heluma, wato shugaban leburori, har na ƙare a matsayin babban jami'in fili mai kula da sashen fayin. Ga wanda bai sani ba, fayin baƙon itace ne. Daga ƙetare magabatanmu a aikin suka kawo irinsa don gwaji, ko ƙasar nan za ta samu katako da turakun lantarki nata na kanta. Ganyensa kamar allurai yake, ba ya kaɗewa da rani, jikinsa kuma yana fitar da ƙaro mai ƙamshi. 'Ya'yansa ba a ci. Wani ƙullutu ne mai kama da ƙaramar abarba busasshiya, iri na ɓoye a tsakanin ɓawonsa. Zafin Zariya ya yi masa yawa, don haka babban filinmu na gwaji yana kan wani tsauni a kudu da mu, tafiyar rabin yini a mota in hanya ta yi kyau. A nan muke reno, a can muke dasawa. Saboda yawan zancensa da nake yi aka laƙaba mini Baba Fayin, har matata ta ɗauka.

Filin nan kashi biyu ne. Akwai kwari, inda ƙasa ke da zurfi, itatuwa suka miƙe sambal, in ka ɗaga kai za ka ga ƙarshensu sai hularka ta faɗi. Akwai kuma bisa dutse, inda ƙasar ba ta fi tafin hannu zurfi ba. Waɗanda muka tarar a aikin sun gaya mana cewa damina ɗaya aka dasa sama da ƙasa, amma na sama duk suka mutu tun a shekarun farko, aka yafe wurin. 'Yan itatuwan da muke gani a can, gajeru, karkatattu, kaurinsu bai wuce cinyar mutum ba, mun ɗauka iska ce ta kai irin na kwari daga baya suka tsiro da kansu. Wadanni muke ce musu. Ba ma auna su, ba ma ƙirga su. Iyakarmu da su mu rataya gorar ruwa a reshe in mun hau duba iyakar fili.

Fenti biyu muke aiki da su. Jan fenti na itacen da za a sare ne. Farin fenti, a zagaya shi a jikin itace daidai ƙirji, shi ne alamar uwa, wato itacen da za a riƙa ɗebo iri daga gare shi. Kuma ba kowane itace ke zama uwa ba. Sai miƙaƙƙe, dogo, mai kauri, mai siraran rassa. Ƙa'idar tana da hankali, kada wani ya raina ta. Katako ake nema, wa zai yi rufin ɗaki da karkataccen itace? Haka aka koya mana, haka muka koya wa na bayanmu, har idanunmu suka saba. In muka shiga fili sama muke kallo.

A cikin uwayen akwai wadda ta fi kowace, muna ce mata Magajiya. Mutum biyu ke haɗa hannu kafin su zagaye ta. Duk shekara ni ke hawanta da igiya da buhu, ban yarda wani ya hau ba. A shekaruna na farko, in na kai can sama da sassafe, sai in tarar gajimare ya sauko ya kwanta a kan tsaunin, yana ratsa rassan a hankali. Allurorin nan sai su riƙa tsefe shi, ruwa ya taru a bakin kowace allura, ya riƙa ɗiga. Ba hadari, ba tsawa, amma ƙarƙashin itacen jiƙe yake sharkaf. Nakan tsaya da aikin in yi ta kallo. Wallahi ban taɓa jin ƙanƙantata a gaban ikon Allah ba kamar a kan reshen nan.

To, sannu a hankali abubuwa suka fara canzawa, kuma ba wanda zai iya nuna maka shekarar da aka fara. Ruwa ya riƙa makara. In ya zo ya zo da fushi, ya zuba na mako guda a yini ɗaya, ya gangare ya bar tsaunin. Ya ɗauke a tsakiyar damina, ya dawo, ya kuma ɗauke da wuri. Bazara ta ƙara tsawo da zafi. Gajimaren safiya ya daina saukowa, sai jefi-jefi. Masu ilimi suka ce sauyin yanayi ne, duniya ce gaba ɗaya ke ɗumama. Mu dai abin da muka gani shi ne manyan itatuwan kwari sun fara mutuwa daga sama. Kan itace ya yi ja, shekara mai zuwa jan ya sauko, sai ƙwari masu huda itace su shiga su ƙarasa aikin.

Iri ma ya lalace. Gwajinmu mai sauƙi ne: ka zuba iri a bokitin ruwa, mai rai ya nutse, fanko ya taso. Shekarun baya-bayan nan in muka zuba irin uwayenmu sai ka ga saman bokiti ya rufe kamar an watsa ƙaiƙayi. Ledoji na jere a wurin reno ana ba su ruwa safe da yamma, ciyawa kawai ke fitowa.

Saura shekara ɗaya da 'yan watanni in ajiye aiki, Darakta ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, ba ya ɗaga murya, shi ya sa maganarsa ke da zafi.

Ya ce, "Malam Tanimu, zauna. An yanke shawara a kan filin tsauni. Za a sare shi duka, sama da ƙasa, tun katakon bai zama abincin ƙwari ba. Sashen fayin kuma za a rufe shi, a mayar da wurin renon na itacen turare da darbejiya."

Na ce, "Yallaɓai, darbejiya? Wadda tsuntsu ke shukawa kyauta a bayan kowane gida?"

Ya ce, "Ita dai tana rayuwa. Kana da irin da zai tsiro? In kana da shi kawo mini, in yage takardar nan a gabanka."

Ba ni da shi. Na fito raina a ɓace, har masinja ya gaishe ni ban amsa ba. Aikin da na ba ƙuruciyata da gwiwoyina za a rufe shi a hannuna, a ce a zamanin Tanimu fayin ya ƙare. An ba Oga Obinna aikin sarar, shi ne dillalin katakon da muke hulɗa da shi. Miƙaƙƙun zai yanka katako, wadannin kuma ya sayar wa masu gidan burodi su hura wuta.

Ana saura 'yan kwanaki a fara, Dokta Rakiya ta same ni a wurin reno. Ita ce jami'ar bincike da aka turo mana ba da daɗewa ba, 'yar Jushi, sa'ar 'yata ta biyu. Tana kuma koyar da ɗalibai.

Ta ce, "Baba, alfarma nake nema. Kafin a share filin nan ina son a yanko mini faifai biyu daga gindin itace, in riƙa nuna wa ɗalibai. Ɗaya daga mafi tsufa, ɗaya kuma daga ƙananan nan na bisa dutse, su ga bambancin tsoho da yaro."

Na ce, "Dokta, gida na cin wuta ke kina neman gawayin guga."

Ta yi dariya ta ce, "To ai gawayin ma in ba a ɗiba ba toka zai zama, Baba."

Ba don ceton komai ta nema ba, ku riƙe wannan. Kayan koyarwa kawai take so. Na tafi tsauni da mai injin sara. Magajiya ta riga ta bushe tun daminar da ta wuce, ita na nuna masa. Da ta faɗi ƙasa ta girgiza har cikin haƙorana, na juya baya don kada leburori su ga fuskata. Muka yanki faifai mai faɗin babban tire, mutum biyu suka ɗora a mota. Sannan na hau dutse, na zaɓi wada ɗaya da ya fi kusa da hanya, ɗanye shar, aka kwantar da shi cikin ƙiftawar ido. Nasa faifan bai fi farantin cin tuwo ba, a hammata na sauko da shi.

Ranar Alhamis muka kai su Sabon Gari, domin sai an goge fuskar faifai ta yi santsi kafin a ga komai, mu kuma injinmu ya daɗe da mutuwa. Oga Obinna a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunku da ke zaune a nan. Yana ganina ya ce, "Baba Fayin, ka kawo gawar da kanka? Ai da ka bari jibi na ɗauko maka." Na ce masa ya yi aikinsa ya bar ni da abin da ke damuna. Ya sa faifan a inji, ya bi da samfefa mai kaushi, ya bi da mai laushi. Rumfar ta cika da ƙamshin ƙaro. Dokta ta ɗebi ruwa a buta ta shafa a fuskar babban faifan, sai zane ya fito raɗau, zobe cikin zobe, daga tsakiya har bakin ɓawo.

Zoben nan na sha ganinsu, kowa ya sha gani. Na ma san ana cewa shekaru ne. Amma mu ma'aikatan fili daga waje muke auna itace, da tef, ba mu taɓa zama mun duba cikinsa ba. Dokta ta tsuguna a cikin garin katako da doguwar rigarta, ta zare allura daga mayafinta ta fara nunawa. Ta ce farin ɓangaren mai faɗi shi ne abin da itace ya ƙara da damina. Siririn layin mai duhu kuma lokacin da ruwa ya ɗauke ne, itace ya rufe jikinsa ya jira. Fari ɗaya da duhu ɗaya, shekara ɗaya ke nan.

A tsakiyar Magajiya zoben masu faɗi ne, kowane ya kai kaurin yatsa. Ana tafiya waje suna ragewa, wanda ta ce daidai ne, kowane itace haka yake in ya manyanta. Amma daga wani wuri sai suka tsuke ƙwarai, suka matse da juna kamar zaren da aka jera, har sai da ta ɗauko gilashin ƙara girma. Ta miƙa mini ta ce in duba cikin wani farin zobe. Na ga wani layi dishi-dishi a tsakiyarsa, a inda bai kamata a ga layi ba.

Ta ce, "Wannan zoben ƙarya ne, Baba. Ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, ta ɗauka rani ya shigo, ta rufe. Da ruwan ya dawo ta sake buɗewa, amma lokaci ya ƙure mata."

Ta ƙirgo daga ɓawo zuwa wurin, ta faɗi shekarar. Shekarar ce masarata ta bayan Hanwa ta yi goyo ruwa ya tsaya cak, har aka fita roƙon ruwa. Na faɗa musu. Oga Obinna ya ajiye samfefa ya ce ai shekarar ce rijiyar gidansu ta ƙafe, abin da ko mahaifinsa bai taɓa gani ba. Mu uku muka zuba ido muna kallon layin nan da bai kai kaurin gashi ba. Itace a kan tsauni, tafiyar rabin yini daga nan, ba ido ba baki, ya ajiye abin da ya same mu a Zariya a cikin jikinsa. Daga wannan shekarar zuwa waje zoben ƙarya sai ƙaruwa suke. Na ƙarshe-ƙarshen ma a wani gefen babu su sam, ta kai ba ta iya zagaya jikinta da sabon nama.

Oga Obinna ya ce, "Dokta, wato duk katakon da na sayar tun ina yaro da rubutu a jikinsa, ni ina yankawa ina lodawa a mota?"

Ta ce, "Da rubutu, Oga."

Ya girgiza kai ya ce, "Allah da girma yake."

Sannan ta jawo ƙaramin faifan, don dai a gama. Ta jiƙa shi, ta sa allura a tsakiya ta fara ƙirga, bakinta na motsi. Na zaci nan da nan za ta kai ƙarshe, tunda yaro ne. Sai na ga ta daɗe. Ta kai ɓawo ta tsaya, ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta juya faifan ta sake farawa ta wani gefen. Da ta gama ta miƙo mini allurar da gilashin.

Ta ce, "Baba, ƙirga mini. Kada in gaya maka abin da na samu."

Na ƙirga. Na faɗi abin da na samu. Ta nuna babban faifan da haɓa. Lissafinsu ɗaya da Magajiya.

Ashe ba yaro ba ne. Ashe ba iska ce ta kai shi ba. Shi ne dashen farko da aka ce ya mutu, damina ɗaya aka sa su a ƙasa da Magajiya, ya girme ni a aikin. Zobensa sirara ne tun daga tsakiya, amma a jere suke daidai wa daida har bakin ɓawo. Ta nemo shekarar roƙon ruwa a jikinsa, muka same ta: ta ɗan tsuke kaɗan, shi ke nan, ta gaba ta koma yadda take. Shekarun da suka kashe Magajiya duk suna nan a jikinsa, bai tsallake ko ɗaya ba. Shekarar wadata bai yi rawar kai ba, shekarar fari bai durƙusa ba. Na ce subhanallahi a hankali, na zauna daɓas a kan wani gungume. Ban san lokacin da na ɗora faifan a cinyata ina shafa shi ba.

Dokta ta ce, "Baba, irinsa nawa ne a can sama?"

Na ce, "Ban sani ba. Ba mu taɓa ƙirgawa ba."

"Suna 'ya'ya?"

"Suna yi. Muna taka su da takalmi."

Sai muka juya gaba ɗaya muka kalli Oga Obinna, domin jibi Asabar mutanensa za su hau, kuma daga sama za su fara, masu gidan burodi sun matsa masa. Ya sosa ƙeya ya ce shi ba zai iya soke aikin da hukuma ta ba shi ba, amma zai ce wa mutanensa mota ta samu matsala, wanda ko ba ƙarya ba kullum cikin matsala take. "Zuwa Litinin," in ji shi. "Ku kawo mini magana daga bakin maigidanku."

Washegari Juma'a tun kafin Darakta ya gama shan shayi muka ɗora masa faifai biyu a kan tebur. Dokta ta yi bayani, ya karɓi gilashin ya duba da kansa, ya daɗe yana dubawa. Shi ma masani ne, ba a yi masa dogon turanci.

Ya ce, "Dokta, faifai biyu ba bincike ba ne. Ta yiwu saiwarsa ce ta dace da tsagar dutse mai ruwa. Me ya tabbatar miki cewa juriyar a cikin iri take, har 'ya'yansa su gada?"

Ta ce, "Ba abin da ya tabbatar mini, yallaɓai. Ban sani ba. Amma in aka hura burodi da su ba wanda zai taɓa sani."

Ya juyo kaina ya ce, "Malam Tanimu, kai da bakinka kake cewa a sa wa wadanni farin fenti? Kai da in lebura ya kawo maka ƙullutu daga itace mai ɗan lanƙwasa sai ka juye buhun a gabansa?"

Na ce, "Ni ne, yallaɓai. Jiya na ga abin da ya fi ƙarfin bakina. Ka ce in kawo irin da zai tsiro. Ban kawo ba tukuna, amma na san inda ban taɓa nema ba."

Ya riƙa juya ƙaramin faifan a hannu. Can ya ce kwari dai za a sare, wannan ba makawa. Bisa dutse a bar shi. Wurin renon fayin kuma ya ba mu shekara ɗaya da layi biyu na ledoji. In iri ya tsiro, sashe ya rayu. In bai tsiro ba kada in sake shigo masa ofis da zancen. Na ce na yarda. Ya ce faifan kuma a nan zai kwana, ya ajiye shi kusa da wayarsa.

Ranar Litinin ina kan tsauni da gwangwanin fenti. Injuna na kuka a kwari, ni kuma na hau sama, a karon farko na kalli wadannin nan da idon mai neman uwa. Sun fi yadda nake zato yawa, sun ɓuya a bayan duwatsu. Allurorinsu gajeru ne, cunkus, kore shar a ƙarshen bazara. Ɓawonsu mai kauri. Na bi saiwar ɗaya da ido na ga ta kutsa cikin tsagar dutse, ta buɗa shi kamar yadda ake fasa goro. Na cusa hannu ƙarƙashin busassun allurorin da suka taru a gindinsa, na ji sanyi da ɗan laima, a wannan rana da ko ƙadangare ya nemi inuwa. Na durƙusa na zagaya masa farin fenti. Leburori na daga gefe suna ƙunshe dariya, ɗaya ya ce Baba an fara rikicin tsufa. Ban kula shi ba, don da ni ne a matsayinsa abin da zan ce ya fi haka.

Da lokacin ɗiba ya yi na koma. Ni da na shekara talatin ina ɗaura igiya a ƙugu, a tsaye a ƙasa na miƙa hannu na cika buhu. Na haɗo da ƙasar gindinsu, domin fayin ba ya kama leda sai an gauraya masa ƙasar gindin manyansa, in ba haka ba ya yi rawaya ya mutu. A nan Samaru muka shanya ƙullutun a kan tamfol har suka buɗe, muka kaɗe iri, muka murje. Na ɗebo ruwa a bokiti. Dokta na tsaye, ma'aikatan reno duk sun bar aikinsu sun kewaye mu. Na yi bisimilla na zuba. Kaɗan ya taso. Sauran ya yi ƙasa ya kwanta a gindin bokiti, baƙi ƙirin.

Nutsewa dai ba tsiro ba ce. Muka shuka, muka shiga jira. Kullum ina idar da sallar asuba nake hawa babur daga Hanwa, in zo in tsuguna a gaban layi biyun nan kamar mai jinya. Matata ta ce ko lokacin da take naƙudar ɗanmu na fari ban yi wannan zaryar ba, kuma gaskiyarta. Mako na biyu ya wuce ba komai. Na fara rasa barci. Wata safiya a mako na uku na ga ƙasar wata leda ta tsage, wani ɗan kore kamar zare ya lanƙwaso, ɓawon irin na bisa kansa kamar hula. Na duba ta kusa da ita, haka. Kafin mako ya zagayo layin biyu sun yi kore, kowane ya yar da hularsa ya buɗe 'yan allurorinsa. Na je da kaina na kira Darakta. Ya zo da babbar rigarsa ya tsuguna a cikin laka, ya duba ledojin. Da ya miƙe ya ce a ƙara mana layi.

Ina cikin murna Dokta ta ja ni gefe ta ce, "Baba, kada ka yanka rago tukuna. Sashe ya rayu, amma tambayar Darakta tana nan. Za mu dasa rabi a bisa dutse, rabi a kwarin da aka share. In juriyar gado ce, za a gani. In wurin ne, shi ma za a gani."

Na ce, "Yaushe?"

Ta ce, "Sai sun sha fari irin wanda iyayensu suka sha. Shekara ashirin da biyar, ko talatin. Ni kaina ina jin na yi ritaya kafin nan."

Na yi lissafin shekaruna a zuci, na yi dariya. Daminar da ta biyo muka dasa su, ita ce damina ta ƙarshe da na yi a bakin aiki.

Abin da ranar nan ta koya mini game da sana'armu shi ne, ƙa'idar da muka gada an yi ta ne don ruwan sama na wancan zamani, kuma ruwan ya canza bai yi shawara da mu ba. Ku riƙe ƙa'ida, amma ku riƙa duba abin da ta ce kada a duba. Ta kuma koya mini cewa a aikin itace mai yin tambaya daban, mai jin amsa daban. Waɗanda suka dasa wadannin nan sun tafi kabari suna zaton aikinsu na bisa dutse ya mutu. Ni na ga bai mutu ba. Abin da ni kuma na dasa, ku za ku gani.

Don haka ku je ku auna su duk shekara, na sama da na ƙasa, miƙaƙƙe da karkatacce. In an ce babu man mota ku shiga ta haya, ni ma na sha shiga. Wata rana ɗayanku zai yanki faifai daga cikinsu ya kai Sabon Gari a goge masa, lokacin ni ina inda ba a tambayata. In ya jiƙa shi da ruwa, ya duba can tsakiya, zai ga wani ɗan zobe da bai fi ƙwayar gero ba. Wannan nawa ne. Daga nan zuwa ɓawo duk naku ne.